Ina mutum zai samu wurin kaɗaita a dazuka da duwatsun Bauchi ko Gombe?

Ɗan Wunti

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san dazuka da duwatsun ƙasar Bauchi da Gombe. Wuri nake so wanda mutum zai je ya yi kwana biyu ko uku ba hayaniya, ba ƙarar janareto, ba hon ɗin 'yan acaɓa, ya zauna ya yi tunani da karatu da ibadarsa. Ba yawon ɗaukar hoto nake nufi ba, ba kuma farauta ba. An ce mini Yankari, amma ina jin can ma jama'a sun yi yawa. Wasu sun ce Tula, wasu Dass, wasu Dutsen Bima.

Wane wuri ya fi dacewa, a wane wata, kuma me mutum zai riƙe? Zai yiwu in sulale ni kaɗai ba wanda ya sani, ko dole sai da ɗan rakiya? Don gaskiya in zan tafi da wanda zai yi ta jana da hira, ban ga amfanin tafiyar ba. Ina da babur, lafiyata ƙalau, amma ban taɓa kwana a daji ba. Allah Ya saka da alheri.

Malamin Daji

Wa alaikumus salam Malam. Bari in fara da tambayar sulalewa, don amsarta ce za ta daidaita sauran. Kada ka yi. A ƙasar nan babu dajin da ba shi da mai shi. Inda kai kake ganin ƙungurmin daji, akwai mai gonar da ya san iyakarsa, akwai Bafulatanin da burtalinsa ya ratsa ta wurin, akwai masu itace da masu ɗiban zuma da mafarauta. Kafin ka yi awa uku an gan ka, ko kai ba ka ga kowa ba. A yadda tsaro yake yanzu, baƙon da aka gani shi kaɗai da jaka a gindin dutse, ba wanda ya san daga ina ya fito, zaton farko da za a yi masa shi ne ɗan leƙen asirin masu garkuwa da mutane, na biyu mai neman ma'adinai. Ko wanne aka ɗauke ka, 'yan banga ne za su tashe ka da tsakar dare, kuma bayani a wannan lokacin ba ya daɗi.

Hanyar da ke aiki ita ce ka shiga ta ƙofa. Ka isa ƙauyen da ya fi kusa da wurin da hantsi, ba da yamma ba. Ka nemi mai unguwa ko dagaci, ka yi gaisuwa, ka ajiye ɗan abin goro, ka nuna katin shaidarka, ka faɗi sunanka da unguwarku da abin da ya kawo ka, ba ƙari ba ragi. Ka roƙa a haɗa ka da mutum ɗaya da ya san wurin, zai fi kyau in daga mutanen sarkin baka ne. Shi zai sanar da 'yan sintiri da rugagen da ke kusa cewa baƙon dagaci ne a kan dutse. Daga nan za ka ga abin da kake nema ya samu, don in mutane suka san ko kai wane ne, ba mai zuwa duba ka.

Batun hira kuwa da sauƙi. Tun a gida ku yi magana: zai kai ka, ya nuna maka ruwa da hanyar sauka, sannan ya koma ya yi masauki kamar taku ɗari uku daga inda kake, inda ba ku ganin juna amma in ka busa usur zai ji. Ku haɗu sau biyu a rana, bayan asuba da kafin magariba. Ku yanke ladansa tun kafin ku tashi, rabi a hannu, rabi in kun dawo, abincinsa a kanka. Mafarauci ya fi ka iya shiru, sana'arsa ce.

Wurare a Bauchi. Kada ka raina Yankari. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244, kuma jama'ar da kake ji duk a sansanin Wikki suke taruwa, a ranakun hutu. Ka kauce wa bukukuwan Sallah, Kirsimeti da sabuwar shekara, da lokacin da makarantu ke kawo ɗalibai, ka je Talata zuwa Alhamis. Daga Bauchi ka bi hanyar Gombe, ka karya a Dindima zuwa ƙofar Mainamaji, daga ƙofar zuwa Wikki akwai kimanin kilomita arba'in cikin daji. Ka tambaya tun kafin ka tashi ko za a bar ka ka shiga da babur, in ba haka ba ka shirya mota. Ruwan maɓuɓɓugar Wikki ɗuminsa digiri 31 ne dare da rana, rani da damina, kuma in ka sauka bayan sallar asuba a tsakiyar mako, sau da yawa kai da tsuntsaye ne kawai. Sai dai doka ce, ba ka fita daga sansani da ƙafa kai kaɗai. Akwai giwa, akwai ɓauna, akwai dorina da kada a kogin Gaji. In kana son ganin kogunan Marshall, waɗanda mutanen zamanin da suka sassaƙa har guda 59 a jikin dutse, ko rijiyoyin Dukkey, da ma'aikacin gandun za ka je, ka roƙe shi ya ba ka awa ɗaya ko biyu ka zauna. Abu biyu ke damun baƙo a can: gwaggon biri, wanda ke buɗe jaka da ƙofar da ba a kulle ba, da ƙudan tsando mai cizo, mai son baƙin tufa da shuɗi. Ka sa kaki ko ruwan ƙasa mai dogon hannu.

Tunda ba ka taɓa kwana a daji ba, a ganina Yankari ne ya kamata ya zama na farko. Ɗaki ne mai ƙofa, ga masu tsaro, ga shiru.

Bayan shi akwai duwatsun Mbula a Dass, da Dutsen Zaranda a hanyar Jos, da wajen zanen dutse na Geji a ƙasar Toro. Gandun Sumu a Ganjuwa ma ba ya cika, akwai raƙumin dawa da jakin dawa da aka kawo daga Namibiya. Amma zurfin dajin Lame-Burra, tsakanin Toro da Ningi, da wasu dazukan kudancin Alkaleri, ban ba ka shawarar su ba. An sha samun rahoton 'yan bindiga a can a shekarun nan. Labarin tsaro kuma yana canzawa mako zuwa mako, don haka kada ka dogara da abin da muka rubuta a nan. Ka tambayi ofishin 'yan sanda na yankin da direbobin tashar da ke zuwa ƙauyen, a satin da za ka tafi.

Na Kaltungo

Malamin Daji ya gama magana a kan shiga ta ƙofa. Abin da zan ƙara a ɓangarenmu na Gombe ta kudu shi ne, duwatsu da yawa kufai ne na kakanni, mutane sun zauna a kansu kafin su sauko. Akwai kaburbura, akwai kurmi da duwatsun da ba a taɓawa, akwai inda baƙo ba ya takawa sam. Ba za ka gane su da ido ba. Wannan kaɗai ya isa dalilin tafiya da ɗan gari.

Tula ta fi sauƙi. Daga Gombe ka bi hanyar Yola ta Kumo da Billiri zuwa Kaltungo, sannan ka hau. Tudu ne mai faɗi, garuruwansa uku, Wange, Baule da Yiri, ga gonaki masu matakala da aka jera wa duwatsu, ga tsohon gidan yari na zamanin Turawa. Iskar can ta fi ta ƙasa sanyi. Amfaninsa a wurinka shi ne kana iya kwana a gari, da asuba ka yi tafiyar awa ɗaya zuwa bakin kwazazzabo, ka wuni ba ka ji muryar mutum ba, ka dawo kafin duhu. Mutane da yawa suna zaton sai an yi nisan kwana da kwanaki ake samun shiru. A'a. Tudu ɗaya ya shiga tsakaninka da gari, ƙarar injin niƙa da lasifika ta yanke. Ka zaɓi gefen da iska ke fitowa, wato a hunturu ka kasance arewa maso gabas da garin, iskar za ta kwashe hayaniyar ta yi gaba da ita.

Dutsen Kilang da Dutsen Tangale kuwa kallo ne daga ƙasa ga wanda bai saba ba. Ragowar tsohon dutse mai aman wuta ne, a tsaye suke, kuma sauka ta fi hawa wuya nesa ba kusa ba. Ka zauna a gindinsu ya ishe ka. Dutsen Bima yana kusa da Dadin Kowa, gabas da Gombe, wuri ne mai tarihi da daraja a wurin mutane, don haka a nan ma da izini ake hawa. In ka sauka bakin madatsar ruwan Dadin Kowa, ka sani akwai dorina, kuma da dare take fitowa kiwo. Kada ka shimfiɗa tabarma a kan wata faffaɗar turba da ta fito daga ruwa ta nufi ciyawa, hanyarta ce.

Ka kuma lura duwatsun ba iri ɗaya ba ne, kowanne da yadda yake kayar da mutum. Na wajen Bauchi da Dass da Toro falalen dutse ne mai tauri. A bushe takalmi yana kama shi sosai, amma raɓa ko yayyafi ya taɓa shi ya zama sabulu, musamman inda ka ga baƙin zane na hanyar ruwa. Yana kuma ɓare fata-fata, in ka buga da sanda ka ji amo kamar ganga, kada ka ɗora nauyinka. Na Bima dutsen yashi ne, yana marmashewa, abin da ka kama da hannu yana iya biyo ka.

Lokaci: daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Fabrairu. Hanya ta bushe, rafuka sun ja, sauro ya ragu. Wahalarsa biyu ce. Ta farko sanyi, da asuba a kan dutse yana saukowa wajen digiri 12 ko 13, ga iska, kuma ƙasa da dutse suna zuƙe ɗumin jiki fiye da yadda iskar ke yi. Shi ya sa abin da ke ƙarƙashinka ya fi abin rufa muhimmanci: leda mai kauri, tabarma, sannan bargo ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, da hula da safa. Ta biyu hazo. Dutsen da ka yi alama da shi da safe, in hazo ya sauko da rana sai ka neme shi ka rasa. Kada ka yi alamar hanya da abin da ke nesa. Kana tafiya kana waiwaye, don hanya kamanninta daban ne in an juyo, kuma ka ɗora 'yan duwatsu uku a kowace mararraba.

Maris da Afrilu ka bar su, zafi yana kai digiri 40, dutse yana ƙona tafin hannu. Farkon damina akwai tsawa da guguwa, kuma ƙololuwar dutse ko gindin bishiya guda tilo shi ne mafi munin wurin tsayawa. Kada ka taɓa kwana a cikin busasshen rafi don yashinsa na da laushi. Ruwan da aka yi a tudu mai nisa, wanda ko hadarinsa ba ka gani ba, yana iya isowa da dare.

Lissafin tafiya: a miƙaƙƙiyar turba da kaya a baya, kilomita huɗu a awa. A cikin duwatsu biyu, wani lokacin ma ba ta kai ba. A hunturu rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida, kuma bayan minti ashirin zuwa talatin duhu ya rufe. To ka kasance a masaukinka tun ƙarfe huɗu da rabi, ka share wurin, ka tara itace da sauran haske.

Wuta: a wannan lokacin ciyawa ta bushe ƙamas. Ka share taku uku ta kowane gefe har ka ga ƙasa, ka kewaye da duwatsu, ƙarama ta isa shayi. Kada ka ɗauko duwatsun cikin rafi, ruwan da ke cikinsu in ya yi zafi yana fasa su. Ka kashe da ƙasa kafin ka kwanta. In gobarar daji ta taso, ta fi gudu in tana hawa tudu, don haka kada ka gudu sama a gabanta, ka nufi falalen dutse ko inda ya riga ya ƙone. Ka duba sama kafin ka hura, ƙudan zuma suna zama a kogon kuka da tsagar dutse, hayaƙi da turare suna tayar da su. Ka bar turare a gida.

Maman Hanifa

Sannunku da ƙoƙari. Ni ta fannin lafiya zan yi magana, ɗan'uwa, don abin da ke dawo da mutane a kan babur ba giwa ba ce, ƙishirwa ce da maciji da targaɗe.

Ruwa. A hunturu ka lissafa lita huɗu zuwa biyar a rana na sha da shayi, ban da alwala. Busasshiyar iska tana shanye gumi kafin ka gan shi, sai ka ɗauka ba ka rasa komai ba. Fitsarinka ne ma'auni: in ya koma ruwan shayi ko ya ragu, ka makara, ka zauna a inuwa ka sha. Kowace lita kilo ɗaya ce, kwana uku ya zama kilo goma sha biyar, ba ka iya hawa dutse da shi tare da sauran kaya. Jimillar abin da za ka goya kada ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyinka. Saboda haka a kai jarka mai lita 20 ko 25 da babur zuwa gindin dutsen, ɗan rakiya ya riƙa hawo maka da shi, ko masaukinka ya zama kusa da ruwa. Ka raba a gora biyu ko uku, in ɗaya ta fashe ba ka tashi a tutar babu ba.

In dole ka sha na rafi ko kududdufi, mataki biyu ne, kuma mutane sukan tsaya a na farko. Da farko ka kwantar da laka da ɗan alam ko dakakken ƙwayar zogale, ka tace da tsumma mai tsabta. Wannan ya sa ya yi garau ne kawai, bai kashe ƙwayar cuta ba. Sai ka tafasa shi ya yi ta ɓararraka minti ɗaya cur, ko ka sa ƙwayar tsabtace ruwa irin Aquatabs yadda aka rubuta a jikin takardar, ka jira minti talatin. Kada ka yi wanka ko ka tsoma ƙafa a ruwan da ke kwance mai ciyawa da dodon koɗi, nan ake ɗaukar tsargiya, ta fata take shiga. Ka riƙe ƙunshin gishiri da sukari huɗu ko biyar. In babu, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a lita ɗaya.

Maciji, a nan zan daɗe. Yankin Kaltungo da Billiri da Balanga har zuwa Alkaleri gidan kububuwa ne, wadda ake wa kirari gobe da nisa. Ba banza aka kafa asibitin masu saran maciji a Kaltungo ba. Ƙarama ce, sau da yawa ba ta wuce kamu ɗaya ba, launinta na ƙasa da busasshen ganye, tana fitowa daga magariba, kuma in ta ji motsi ba ta gudu, naɗewa take tana goga jikinta, ka ji sauti kamar ana zuba ruwa a kaskon suya. Mafi yawan sara a ƙafa ne da hannu. To, takalmi rufaffe mai wuya da dogon wando mai kauri, ba silifa ba ko da za ka kama ruwa ne. Tocila a hannu duk taku bayan duhu. Kada ka cusa hannu a rami ko ƙarƙashin dutse, itace kuma ka juya shi da sanda kafin ka ɗauka. Ka kwana cikin gidan sauro, ka cusa gefensa a ƙarƙashin tabarma ko'ina, yana tare sauro da kunama da maciji gaba ɗaya. Da safe ka zazzage takalmi.

In tsautsayi ya faɗa, Allah Ya kiyaye: ka matsa daga wurin, ka zauna, ka cire zobe da agogo da takalmi kafin kumburi. A ɗaure wa gaɓar sanda kamar karaya don kada ta motsa, ɗauri sassauƙa. A ɗauke ka, kada ka taka in da hali. Ba a ɗaure jijiya tamau da roba ko igiya, yana kashe naman ƙafa. Ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a dogara da baƙin dutse. Tsagawa ta fi muni a saran kububuwa, saboda dafinta hana jini daskarewa yake, tsagar sai ta ƙi tsayawa. Don wannan dalilin ne kuma ba a shan asfirin ko ibuprofen ko diclofenac, farasitamol kaɗai. Babban abin da ke yaudarar mutane shi ne mutum yana iya jin sauƙi a wunin farko, ya ce ba dafi, alhali jini yana tsiyaya a ciki. Daga baya a ga jini a dasashi ko a fitsari. Asibiti kai tsaye, ko da kana tafiya da ƙafarka, a can za su ɗebi jini a kwalba su ajiye minti ashirin su ga ko ya daskare, shi zai nuna ko kana buƙatar allurar dafi. Kada a ɓata lokaci wajen neman macijin. In gamsheƙa ta fesa maka dafi a ido, ruwa mai yawa, a yi ta wankewa minti goma sha biyar, kada a murza, sannan asibiti.

Wannan shi ne hujjata a kan tafiya kai kaɗai. Wanda maciji ya sara ko ƙafarsa ta gurɗe ba ya tuƙa babur. Kafin ka zaɓi wuri, ka tambayi awa nawa ne daga nan zuwa asibitin da ke da allurar. In ya wuce awa uku, ka sake wuri.

Abinci mai sauƙi: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, sukari, dabino, gyaɗa, kilishi, ganyen shayi. Fura da nono ba sa kwana. Kilishi yana jan ruwa, kaɗan-kaɗan. Mai ciwon sukari ko hawan jini ko farfaɗiya ya ga likitansa tukuna.

Alaramma Mai Allo

Madalla da wannan niyya. Keɓewa don tunani abu ne mai asali, Manzon Allah (SAW) ya kasance yana keɓewa a kogon Hira kafin saukar wahayi, kuma malamanmu sun san halwa. Amma ya tabbata a hadisi cewa ya yi gargaɗi a kan mutum ya yi tafiyar dare shi kaɗai, don haka shawarar ɗan rakiya ta dace da addini ma. Ka kuma tsara kwanakinka yadda Juma'a ba za ta riske ka a kan dutse ba, ka bar wa iyali abin da zai ishe su, ka faɗa musu gaskiyar inda za ka.

Kuskuren da ake yawan yi a daji shi ne alƙibla. Mutum ya ga inda rana ta fito ya ce nan ne gabas. Daga Bauchi da Gombe alƙibla tana wajen digiri 65 ne daga arewa, wato gabas mai karkata arewa. A watan Yuni rana tana fitowa kusan daidai wurin, amma a Disamba, lokacin da ake ba ka shawarar tafiya, tana fitowa ne ta gabas maso kudu, tazarar ta kusa digiri hamsin. Ka duba kamfas tun da rana, nesa da babur da wuƙa don ƙarfe yana ruɗa shi, ka jera duwatsu a layin. In ruwa ya yi ƙaranci har kana tsoron ƙishirwa, taimama ta halatta, kada ka ƙarar da na sha.

Inda na ɗan saɓa da Malamin Daji: ban ga laifi ba mutum ya fara da wuni ɗaya tak a wani dutse kusa da gari kafin ma Yankari. Wanda bai saba da shiru ba, daren farko yana masa nauyi, kowane motsin ganye sai gabansa ya faɗi, ya kwana bai yi tunanin da ya je yi ba. A saba da rana tukuna.

Bakanike Ɗan Jekadafari

Malam, babur ɗin. In irin Boxer ne ya isa, ya fi ƙaramar mota a waɗannan hanyoyi. Kafin ka tashi a canza baƙin mai, a ja sarƙa a sa mata mai, a duba birki da wayoyin ƙafa. Ka riƙe tub guda na baya, kayan faci, famfo, ƙarfen cire taya biyu, fulogi sabo da sifanarsa, kebul na kuloci, mahaɗin sarƙa, filaya da igiyar roba. Ka koyi cire ƙafar baya a gida, ba a daji ba. Ƙaya ce ke yawan sace iska, kuma in ka yi faci ba ka shafa cikin tayar da yatsa ka cire ƙayar ba, kafin kilomita ɗaya ta sake hudawa.

Mai: hanyar yashi da hawa tana shan kusan ninki ɗaya da rabi na kwalta. Ka cika tanki a gidan mai na ƙarshe, ka ƙara lita huɗu a galan. In ka sayi na bumburutu a ƙauye, ka tace da tsumma. A yashi ka rage iska kaɗan, giya ta biyu, kada ka taɓa birkin gaba. A gangaren Tula ka sauko da giya, in ka danne birki tun daga sama zai yi zafi ya daina kamawa. Kurar hunturu tana toshe matatar iska, in ka ji yana shaƙewa a hawa, ita za ka fara kakkaɓewa.

Babur ɗin ka bar shi a gidan mai unguwa, kada ka ɓoye shi a daji. Babur a ɓoye cikin ciyawa shi ne abin da ya fi tayar wa mutanen ƙauye hankali yanzu.

Ɗan Wunti

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara sani. Na fasa sulalewa. Zan fara da wuni ɗaya kamar yadda Alaramma ya ce, sannan Yankari a tsakiyar mako, Tula kuma sai Janairu in Allah Ya kai mu. Saura waya. Na so in bar ta a gida gaba ɗaya, ko kuskure ne?

Malamin Daji

Kuskure ne, Malam. Ka tafi da ita a kashe. Tun kana gari ka sauke taswirar yankin a cikinta yadda za ta buɗe ba intanet, don GPS, wato abin da ke nuna inda kake a taswirar, ba ya buƙatar sabis. Ka sa alama a inda ka bar babur, da inda ruwa yake, da masaukinka. Wayar da aka bari a kunne inda ba sabis tana ta neman layi, kafin yamma batir ya mutu, shi ya sa ake kashewa. Ka riƙe fawa bank cikakke da tocila daban, kada ka mai da wayar fitila. Sabis in akwai, a kan tudu ake samu ta gefen da ke kallon gari, ɗan rakiyarka ya san dutsen da ake hawa a yi kira, kuma saƙon tes yana fita inda kira ya ƙi shiga. Ka tura ɗaya kullum a lokaci guda, sannan ka kashe.

A gida ka bar takarda a hannun mutum ɗaya mai hankali: sunan ƙauyen, sunan dagacin, lambar ɗan rakiya, lambar babur, da ranar da awar da in ba a ji ka ba za a fara nema. Usur uku a jere alamar neman taimako ce, ku yi wannan yarjejeniya da ɗan rakiya. In ka ga hasken fitilar goshi yana yawo da dare, yawanci mafarauta ne, kada ka laɓe ka yi shiru. Ka kunna tocilarka ka yi sallama da ƙarfi, don abin da ke motsi a duhu ba ya magana shi suke ɗauka nama. In ka bi ta kusa da ruga ma haka, ka tsaya daga nesa ka yi sallama har a fito a kama karnuka, kada ka ratsa tsakiyar shanu.